Ranar da Na Yanke wa Alhaji Ruwa

Bari in fara gyara muku wani abu, ku 'yan matan da makarantun koyon kwamfuta ke turo mana sanin makamar aiki. Duk wanda ya ce muku aikina zama ne a ɗaki mai sanyi ina danne-danne, bai san komai ba. Haka mutanen Kura suka ɗauka, haka 'yan gidanmu suka ɗauka, har gwaggota tana gaya wa mutane wai an ɗauke ni gadin firji. Sanyin nan ba don ni ake kunna shi ba, na na'ura ne. Ranar da esi, injin sanyin nan, ya lalace ba wanda ya tambayi lafiyata. Fanka biyu aka kawo aka saita wa na'ura, ni ina gefe ina fifita da kwali. Kuma ba buga takardu nake yi ba, kada wadda ta sake kawo mini katin biki. Aikina rabo ne. Abu guda ne a hannuna, mutum huɗu ke so, kowannensu kuma ya kwana da tabbacin an cuce shi.

Kamfanin na wani Alhaji ne a nan Kura, ba sai na kama suna ba. Yana sayar wa manoma taki, yana sayen shinkafa shanshera a reshensa na Bunkure, idan rani ya yi kuma yana lodin tumatir zuwa Kudu. Na shigo ina gama sakandare, da 'yar takardar shaidar koyon kwamfuta irin wadda kuke taƙama da ita, a shekarun da wayar hannu ta fara shiga ƙauye, ka ga mutum a kan tudun kanal ɗin ban-ruwa yana ɗaga hannu yana neman sabis. Ni ma na zo ina ji da kaina. Aikin farko da aka ba ni shi ne in kwanta ƙarƙashin tebur in bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya ina manna musu suna. Wanda ya sa ni Injiniya Kabiru ne, mutumin birni, shi Alhaji ya ɗauko ya haɗa komai, kuma a hannunsa na koya. Ya koya mini busa ƙura, da duba ruwan batir, da yadda ake juyawa zuwa janareta idan wuta ta ɗauke ba tare da na'ura ta farga ba. Sai da ya ga na daina ƙorafi, wato dai na rage, sannan ya bar ni na zauna a kujera.

Na'urar da ake wa duk wannan hidima akwati ne guda baƙi, ya kawo mini ƙugu, muna ce masa uwa. Alhaji ya so a sayo huɗu, ta taki, ta shinkafa, ta lodi, da ta ofishinsa. Injiniya ya ce asara ce, domin kowacce rabin yini barci za ta yi. Sai ya sayo guda mai ƙarfi, ya gina kwamfutoci huɗu a cikinta. Ba a ganinsu, ba a taɓa su, amma kowacce tana da rumbun bayananta, inda ake ajiye wa ya kawo me, wa ya ɗauki me, kuma kowacce gani take ita kaɗai ce a gidan. Allo da kibod ɗin da ke kan teburin kowane shugaban sashe taga ce kawai. A cikin uwa ake aikin, har na Bunkure, ta dogon ƙarfen nan mai faranti da ke bayan sito. Ƙarfi da ƙwaƙwalwa kuwa tukunya ɗaya ce. Idan shagon taki ba ciniki, uwa ta kwashe ƙarfinsa ta ba lodi. Idan lodi ya lafa, ta juya wa wanda aiki ya yi wa yawa. Ni kuma ina gaban allo ina kallon layuka huɗu suna hawa suna sauka, in ƙara wa wannan in rage wa wancan idan abin ya fi ƙarfin dabararta. Sana'ar ke nan. Faɗarta ba wuya.

Wanda ya fara zuwa ganin kayansa Malam Ɗanjuma ne, shugaban shagon taki. Ya cire takalmi a ƙofa, ya zagaya akwatin yana leƙa bayansa.

Ya ce, "Rabi, ina tawa?"

"Tana ciki, Malam."

"Na ji. Ta wane gefe?"

"Ba ta da gefe."

"Abu ba gefe? Ko buhun taki yana da baki yana da gindi. To ta Haladu fa, tana saman tawa ko ƙasa?"

Malam Haladu shi ke riƙe da reshen Bunkure, kuma gonakinsu na gado kanal ɗaya suke sha, don haka ba sai na yi muku bayanin tsakaninsu ba. Da na gaji sai na nuna masa hagu. Ya ciro alli daga aljihu ya rubuta sunansa a jikin akwatin, kamar yadda yake wa buhu, ya sa takalminsa ya tafi hankali kwance.

Don a kashe irin wannan tambaya ne Injiniya ya tara su a ofishin Alhaji: Malam Ɗanjuma, Malam Haladu, da Baba Inusa, dattijon da ke kula da lodi. Ya nemi misalin da za su gane, ya kuwa samu. Ya ce, "Ku ɗauka kanal ne. Ruwa ɗaya, gonaki huɗu. Gonar da ta fi ƙishi, ita ruwan zai fi gangara wa, da kansa."

Sun gane, har fiye da yadda ya so.

Alhaji ya ce, "A wannan kanal ɗin naka, wa ke sama?"

"Babu sama babu ƙasa, Alhaji."

Suka fashe da dariya gaba ɗaya, har Baba Inusa yana goge ido da hula. Kanal ba sama ba ƙasa! Malam Ɗanjuma ya ce a kai shi wannan gari ya sayi gona.

Sai Malam Haladu ya ce, a hankali, kamar ba shi da wata manufa, "Injiniya, ita ta yaya take gane mai ƙishi?"

"Wanda ya fi aiko mata da aiki."

"Af. To madalla."

Alhaji ya gyara zama ya ce, "Ni dai nawa rabi ne, kuma a kulle. Ko ina nan ko ba na nan, kada ya gangara gonar kowa."

Injiniya ya fara cewa, "Alhaji, ai kai aikin da kake yi a kanta..."

"Wa ya sayi dam ɗin?"

Aka kulle masa rabi. Abin da yake yi da rabin nan kuwa, ni na sani domin ni ke gani: hotunan gonarsa da na tafiye-tafiyensa yake buɗe wa baƙi. Sauran ukun, masu aikin gaske, suka koma suna raba ɗaya rabin.

Ku da kuka tashi a birni ba za ku gane abin da Injiniya ya jawo ba. Manomin rani a nan, idan ruwa ya zo, ba ya tambayar gona ko tana so. Buɗewa yake har ta zama tafki, don bai san ko gobe zai zo ba. Na sama ya jera buhunan yashi ya tare, na ƙasa ya zo da fartanya ya fasa, a wuni ana shari'a a ƙofar mai unguwa. Gonar mahaifina a wutsiyar kanal take, na san zancen tun ina kai abinci gona. Amma ko kusa ban kawo za a yi wa kwamfuta haka ba.

Shekarar da ta fi kowacce wuya ita ce wadda tumatir ya yi yawa har ya rasa mai ɗauka, ga zafi ya sauko da wuri. Daga Kadawa har Kura kwanduna ne jere a bakin titi, manomi na tare mota kamar mai neman taimako. A wurinmu mota ba ta tashi sai da takardar lodi daga kwamfuta, saboda masu karɓar kayan a Kudu lambar na'ura suke dubawa, idan rubutun hannu ne ko kwando ɗaya ba za su sauke ba. A daidai wannan lokacin uwa ta fara nauyi. Takardar da take fitarwa kafin ka ƙifta ido sai ta yi ta nishi a kanta. Na busa ƙura, na nemi ƙwayar cuta ban samu ba, na kashe na kunna. Layin taki da na shinkafa da na lodi duk suna can sama, na ce ai kakar ciniki ce. Motoci suka makara, aka yi haƙuri. Suka sake makara, kaya suka isa Kudu rabi ruwa. Alhaji ya aika a kira ni.

Ya ce, "Rabi, ni ban san kwamfuta ba, amma na san ruɓaɓɓen tumatir. Idan mota ta sake makara saboda akwatin nan, ki ajiye mini mukullin ɗakin a kan teburin nan ki tafi gida. Masu difloma suna nan suna jira."

Na ce, "Alhaji, to ka ara mini rabinka mana, zuwa kaka ta wuce."

"Ji yarinya. Rabina ne ya ruɓar da tumatir?"

Ranar da abin ya fashe ranar kasuwar Bunkure ce, kuma da safen aka sauke sabon taki. Kafin azahar motoci sun yi layi har bakin titi, an gama lodi, an ɗaure, takarda kawai ake jira. Firintar Baba Inusa ko tari ba ta yi. Rana ta take. Ruwan tumatir ya fara ɗiga ta ƙarƙashin motar gaba, awaki suka taru suna lasa. Direbobi suka zo suka tsaya a tagata.

Ɗaya ya ce, "Anti Kwamfuta, tumatir za mu kai Kudu ko miya?"

Wani ya ce, "A miƙo mana albasa da mai mu ƙarasa kawai!"

Na rufe tagar, na kira Injiniya. Yana cikin mota a hanyar Zariya, muryarsa na zuwa tana yankewa. Na karanta masa abin da nake gani.

Ya ce, "Duk ukun a sama? Ba sa sauka ko lokacin sallah?"

Ban taɓa dubawa ba. Na ja baya zuwa jiya da shekaranjiya, daidai lokacin da kowa ke masallaci. Layukan suna nan manne da rufi. Har ranar Juma'a, da aka rufe ofis aka tafi.

Ya ce, "To ba mutum ba ne ke dannawa. Je ki gani da idonki."

Na tsallaka shagon taki da gudu-gudu. Manoma sun cika shi, Malam Ɗanjuma yana tsakiya yana rantse-rantsen cewa buhun bai sha ruwa ba. Na wuce shi zuwa teburinsa. An lulluɓe kibod da tsumma. Na yaye. Dutsen awo ne na sikeli, zaune daram a kan maɓallin da ke kiran bayanin duk kayan da suka taɓa shiga sito tun ranar da aka buɗe kamfani. Kafin uwa ta gama kawo amsa ɗaya an sake tambayarta, an sake, an sake, wuni guda.

Na ce, "Malam, mene ne wannan?"

Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Tarewa nake. In na ɗaga, Haladu ya janye. In zan yi aiki in ɗaga in yi, in mayar. Ai Injiniya da bakinsa ya ce mai ƙishi ake ba."

"Kai yanzu ƙishin kake ji?"

"Yanzu dai a'a. Anjima fa?"

Na ɗauke dutsen na fita da shi, yana bina da kira, "Ke Rabi! Da me zan auna wa mutane?"

Na nufi rumfar lodi in yi wa Baba Inusa albishir cewa na kama ɓarawon ruwa. Na same shi ya zuba wa allo ido yana jan carbi. A kan kibod ɗinsa ga ƙaton kwaɗon ƙofar sito, a kan wannan maɓallin dai.

"Baba! Har da kai? Motocinka ne fa a tsaye!"

Ya ce, "To 'yata, ai shi ya sa. Na ga ruwan ya ja baya, na ce bari in ƙara nauyi. Da can ƙaramin kwaɗo nake sawa."

Ban tsaya ba shi amsa ba, don abin da ya zo bakina ba na gaya wa dattijo ba ne. Na ɗauke kwaɗon, na koma ɗakina, na kira Bunkure.

"Malam Haladu, me ka ɗora a kan kibod?"

"Ni? Wallahi ban ɗora dutse ba."

"Ni ban ce dutse ba."

Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa. Can ya ce, "Rabin bulo ne. Ɗanjuma ya ɗaga nasa?"

"Ga shi nan a hannuna."

"Ke 'yar Kura ce, ofishinku ɗaya da shi. Sai na gani da idona."

In hau acaba in je Bunkure ranar kasuwa in dawo, ai sai dai in tarar da awaki sun ƙoshi. Sai na yi abin da ya kamata a ce an yi tun farko: na yanka wa kwamfutarsa iyaka daga cikin uwa, ya ɗora ko injin niƙa ne, ba zai ja fiye da haka ba. Layinsa ya faɗo. Na jira firinta ta motsa. Shiru. Rumbun lodi ya riga ya shaƙe da tambayoyin da kwaɗon Baba ya tara masa tun safe, yana ta jujjuya su a ɗan wurin da yake da shi, kamar mai shanya a ɗaki. Kashe shi a tsakiyar haka zai iya lalata bayanin motocin da aka riga aka shigar, a koma farko. Fili yake buƙata, mai yawa, yanzu. Fili kuwa wuri ɗaya yake a duk gidan, a kwance, a kulle.

Na sake kiran Injiniya na ce, "Zan kashe ta Alhaji."

"Kin tambaye shi?"

"Na tambaya tun ran nan. Yanzu kuma yana da baƙi."

Sai ya ce, da murya tar kamar yana gefena, "Rabi, ba na jin ki, sabis ya yanke." Ya kashe.

Lissafin ba shi da wuya. In na bari, mukulli ya tafi, tumatir ya ruɓe. In na yanke, wataƙila mukulli ya tafi, amma tumatir ya tsira. Na kashe kwamfutar Alhaji, na cire kullen, na tura wa lodi gaba ɗaya. Layin lodi ya yi sama, ya tsaya, ya girgiza, sannan ya gangaro a hankali. Daga rumfa na ji firinta ta ɗauki kuka. Direbobi suka sa ihu, wani ya hau hon. Baba Inusa yana yage takarda yana miƙawa yana cewa, "Ka ga ruwa! Ka ga ruwa!" Kafin la'asar motar ƙarshe ta hau titi.

A can ofis kuwa, Alhaji yana tsakiyar nuna wa surukansa da suka zo daga Madobi hotonsa a cikin jirgin sama, allo ya yi baƙi ƙirin. Da aka kira ni baƙin suna nan zaune, dattijai uku, da kofunan shayi a gabansu. Na gaishe su, na tsaya.

Alhaji ya ce, "Rabi, wa ya yanke mini?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Da izinin wa?"

"Motoci sun tashi, Alhaji. Ko ɗaya ba ta makara ba."

"Ba motoci na tambaye ki ba."

Na matso na ajiye dutsen awo da kwaɗo a kan teburinsa, na ce bulon yana Bunkure. Na yi bayani daga farko, ban rage wa kowa ba. Babban cikin baƙin, wani tsohon manomin albasa, ya ɗauki dutsen ya jinjina shi a hannu.

Ya ce, "Kai, amma Ɗanjuman nan yana da kai. To shi Alhaji me ya ɗora?"

Na ce, "Shi bai ɗora komai ba, Baba. Rabin kanal ɗin ne nasa, a kulle."

"Yana noma me da shi?"

Na ƙarshen baƙin ya sunkuyar da kai cikin kofin shayi, kafaɗarsa na rawa. Alhaji ya tashi ya je taga ya daɗe yana kallon filin da babu mota ko ɗaya, sai jan ruwa a ƙasa da ƙudaje. Ya dawo ya zauna.

Ya ce, "Sharaɗina a kan mota ne, mota kuma ta tashi. Mukulli ya zauna a hannunki. Amma a gaban surukaina kika kunyata ni, don haka ranar Litinin za ki ba ni haƙuri a gaban ma'aikata. Kuma a mayar mini da ruwana cif, in gani da idona."

Na koma ɗaki na yi aikin da ke gabana. Na yanka wa taki da shinkafa da lodi kowa ɗan kason da ba mai taɓa masa, na sa wa kowa rufin da ba zai wuce ba, abin da ke tsakani na bar wa uwa ta juya shi yadda aiki ya nuna. Kwamfutar Alhaji kuma na kunna ta da ɗan abin da bai kai rubu'in na da ba, don dai in ga yadda za ta yi kafin in mayar masa da sauran. Na leƙa ta ƙofa. Hoton jirgi ya dawo, Alhaji na ciki da babbar riga, yana nuna wa surukansa tagar da ya zauna. Hoton ya buɗe da saurin da ya saba, ko ɗigo bai ragu ba.

A kan acaba, hanyar gida, na yanke shawara. Haƙuri zan ba shi ranar Litinin, har ƙasa, da murya yadda na bayan rumfa ma zai ji, duk da gwiwata ba ta saba ba. Rabin kuwa ba zai koma kulle ba, ga kakar shinkafa na tafe. A sito akwai wani ƙaton allo da aka sayo ba a taɓa buɗe kwalinsa ba, ya ninka nasa faɗi. Shi zan sa a kai ofishinsa tun da safe, in haɗa masa da hannuna, kafin in durƙusa.